Farin ɓawon da ke kama buta a Sakkwato: daga famfo yake ko daga ƙasa?

Abu_Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masana ruwa ce da masu aikin famfo. A unguwanni da yawa na cikin Sakkwato, butar lantarki ba ta wata guda sai gindinta ya yi farin ɓawo kamar ƙanzo, sabulu ba ya kumfa sai an zuba da yawa, bakin shawa kuma ya riƙa toshewa. A wasu unguwannin ba a ganin haka, sai dai ruwan ya zo ja da damina. Mene ne wannan farin abu, daga ina yake, kuma shan sa na da illa? Masu tallar na'urar tace ruwa suna cewa shi ke kawo tsakuwar ƙoda.

Injiniya_Rima:
Wa alaikumus salam Malam Abu. Farar ƙasa ce, ita dai wadda ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da ita tun 1967. Garin yana zaune ne a kan wannan dutse. Ruwan sama idan ya ratsa ƙasa yana ɗan tsami, sai ya narkar da dutsen ya ɗauko kalsiyam da magnesiyam. Ido ba ya ganinsu a ruwan sanyi. Da an ɗora ruwan a wuta sai iskar da ke riƙe da su ta fice, su koma dutse su manne a gindin buta.

Yawan kalsiyam da magnesiyam ɗin nan shi ake kira nauyin ruwa, ana auna shi da miligiram a lita. Ƙasa da 60 ruwa ne mara nauyi, 61 zuwa 120 matsakaici, 121 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 mai nauyi ƙwarai. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta tsaya a 150. A ɗauka ruwa yana da 200, ana tafasa lita 4 a buta kullum: a wata guda ɓawon zai iya kai giram 20. Shi ya sa kake ganin abin da sauri.

Bambancin unguwanni kuwa daga mafarin ruwan ne. Wanda aka jawo daga gulbin Rima aka tace ba shi da nauyi sosai, matsalarsa laka ce. Wanda ya fito daga rijiya ko burtsatsen da ya tsaya cikin farar ƙasa shi ne mai ɓawo.

Fulamba_Arkilla:
Injiniya ya faɗi gaskiya. Ƙarin da zan yi, Malam Abu: kafin ka ce ruwan famfo ne, a duba me ke shiga tankin gidan. Gidaje da yawa tanki ɗaya ke karɓar ruwa uku: na layin gwamnati ranar da ya zo, na burtsatsen gida ko na maƙwabci, da na 'yan ga-ruwa. Duk ta bakin famfo ɗaya suke fita, sai a ce ruwan famfo. A tari na layi kai tsaye kafin ya hau tanki, a tari na burtsatse daban, a gwada kowanne.

Gwajin gida: samo robar ruwa biyu iri ɗaya. Ɗaya ka zuba ruwan da kake zargi zuwa rabi, ɗaya ruwan sama. Ɗiga ruwan sabulun sanda da aka jiƙa, digo goma a kowace, ka girgiza. Mara nauyi zai yi kumfa mai tsayawa. Mai nauyi zai yi fari kamar tsinkakken nono, da gudaji-gudaji a sama. Kada a yi da omo, don an sa masa sinadarin da ke sa shi kumfa ko a ruwa mai nauyi.

Dan_Kwalkwalawa:
Wanga batu na tsakuwar ƙoda shi ad damuwata. Mutane na ta faɗin haka, har wasu sun bar shan ruwan rijiya sun koma fiya wata. Gaskiya ta ko ƙarya ta?

Nas_RunjinSambo:
Ɗan'uwa Dan_Kwalkwalawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ma sa iyakar lafiya ga nauyin ruwa ba, domin a yawan da ake samu a ruwan sha ba a ɗauke shi abin cutarwa ba. Adadin 150 ɗin da Injiniya ya kawo saboda ɗanɗano ne da ɓarnar sabulu da toshewar bututu. Babban mutum yana buƙatar kalsiyam wajen miligiram 1000 a rana. Wanda ya sha lita 3 na ruwa mai nauyin 200 ya samu kalsiyam da bai wuce 240 ba, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Babban abin da ke jawo tsakuwa a gari irin namu ƙarancin shan ruwa ne. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, gumi ya kwashe ruwan jiki, fitsari ya yi kauri, gishirin cikinsa ya dunƙule. Yawan gishiri a abinci shi ma yana taimaka mata. Abin da nake jin tsoro shi ne mutum ya rage shan ruwa don gudun ɓawo, ko don kuɗin fiya wata bai kai ba. Wannan ita ce hanyar tsakuwar. A duba launin fitsari: idan ya yi duhu kamar shayi, a ƙara ruwa. Wanda likita ya riga ya gano masa ciwon ƙoda shi kuma ya bi abin da likitansa ya tsara.

MaiTace_Ruwa:
Ni dai shawarata kowa ya sayi mitar TDS, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, ba ta da tsada. Ka tsoma ta a kofi, in ta nuna sama da 500 ruwan bai dace da sha ba, in ƙasa da 100 ne ka sha hankali kwance.

Malamar_Sinadarai:
Malam MaiTace_Ruwa, rabin farko na maganarka yana da tushe, 500 ce iyakar da ƙa'idar Najeriya ta sa. Rabi na biyu kuwa yana da haɗari, don Allah a gyara. Mitar nan wutar lantarki take turawa cikin ruwa ta ga yadda take wucewa, sai ta ƙiyasta jimillar gishirin da ya narke. Ba ta bambance kalsiyam da gishirin miya, ba ta kuma ganin ƙwayar cuta ko ɗaya. Ruwan kududdufi na damina zai iya nuna 60 alhali cike yake da ƙwayar taifot da ta kwalara. Ruwan burtsatse mai tsabta zai iya nuna 400 ba abin da zai yi wa mutum.

Amfaninta ɗaya ne: gane sauyi. In ruwan gida kullum 250 yake nunawa, ran nan ya nuna 600, wani abu ya shiga.

Mai son auna nauyi kansa ya nemi kayan gwaji na digo, irin na masu kiwon kifi. Ana ɗibar mililita 5 na ruwa, a riƙa ɗiga maganin ana girgizawa ana ƙirga digo har launi ya juya. A irin wanda digo ɗaya ke daidai da digiri ɗaya na ma'aunin Jamus, a ninka yawan digon da 17.8. Digo 12 ya zama wajen 214.

Hajiya_GawonNama:
Malama, to tafasawa fa? Tunda ɓawon yana zama a tukunya, ai ruwan ya rabu da shi kenan?

Malamar_Sinadarai:
Ya rabu da wani kaso, Hajiya. Nauyin iri biyu ne. Wanda ya zo daga farar ƙasa yana sauka da tafasa: a bari ya huce, a tsiyaye na sama, a bar farin garin a ƙasa. Wanda ya zo daga jifsam, wani farin ma'adini irin wanda ake haƙa wajen Dange da Shuni, tafasa ba ta fitar da shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi don ruwan ya ragu shi yana nan. Shi ne mai ɗan ɗaci a harshe, wanda idan ya yi yawa yakan saki cikin baƙon da bai saba ba.

Ga yadda za ki gane: kankaro ɓawon a faranti ki matsa masa lemun tsami. In ya yi ta tsiri da kumfa, farar ƙasa ce. In ya yi shiru, jifsam ne ko wani gishiri.

Fulamba_Arkilla:
Tunda an zo kan lemun tsami, ga wankin buta. Cokali biyu na garin tsamin lemo, wanda masu kek da masu zoɓo ke saya, a lita ɗaya ta ruwa. A tafasa, a kashe, a bar shi minti 20, a zubar a ɗauraye sau biyu. In babu shi, khal da ruwa rabi da rabi, amma shi sai ya kwana in ɓawon ya yi kauri. Bakin shawa a kwance shi a jiƙa cikin wannan ruwa, a bi ramukan da allura. Kada a kankare ƙarfen hita da wuƙa, yana huda shi.

Abu biyu da bai kamata a yi ba. Ruwan batir ko asid ɗin wanke tayil ba na buta ba ne ba na bututu ba, yana cin ƙarfe da robar cikin kan famfo. Sannan kada a taɓa haɗa kowane abu mai tsami da bilic, hayaƙin kulorin ke tashi, a banɗaki rufaffe yana iya sumar da mutum.

Hitar wanka kuma a tsayar da ita a digiri 60. Sama da haka ɓawo ke taruwa da sauri, ya lulluɓe ƙarfen, zafi ya kasa fita, ƙarfen ya ƙone.

Ummu_Minanata:
Tsamiya ba za ta yi ba? Ita ce a kowane gida.

Malamar_Sinadarai:
Za ta ci ɓawon, amma tsamin da ke cikinta idan ya haɗu da kalsiyam yana haifar da wani gishiri da shi ma ba ya narkewa sosai, ga danƙo da launi. Lemun tsami ya fi ta a wannan aiki.

Hajiya_GawonNama:
Abin da na sani a girki shi ne wake ba ya nuna da wuri a ruwa mai nauyi, sai an jefa kanwa. Shayi ma yana yin wani maiƙo a sama.

Injiniya_Rima:
Hajiya, dalilin ɗaya ne. Kalsiyam yana ɗaure abin da ke haɗe da ƙwayoyin jikin wake, sai ya ƙi laushi. Kanwa tana kama kalsiyam ta kwantar da shi. Wannan dabara tana aiki a wanki ma. Sodar wanki, wadda masu haɗa sabulun ruwa ke saya, kusan giram ɗaya take buƙata ga kowane giram na nauyi. Bokitin lita 20 mai nauyin 200 yana ɗauke da giram 4, wato ƙaramin cokali ɗaya a shafe ya isa. A zuba, a motsa, a jira minti 10, sannan a sa sabulu. Na wanki ne kawai, ba na sha ba.

Dan_Kwalkwalawa:
To mu da ruwanmu ka zowa ja da damina, alif muka sawa. Shina rage nauyin?

Ummu_Minanata:
Alif shi ne alimun ko daban suke?

Injiniya_Rima:
Abu ɗaya ne, Ummu, suna ne ya bambanta. Ba ya rage nauyi ko kaɗan, Malam Dan_Kwalkwalawa, laka kawai yake tarawa ta zama gudaji ta kwanta. Ba ya kuma kashe cuta. Kuskuren da ake yi shi ne yawan zubawa. Jarkar lita 20 tana buƙatar rabin giram zuwa giram ɗaya, kamar ƙwayar masara biyu zuwa uku. A narkar da shi a kofi tukuna, a juye, a motsa da ƙarfi minti ɗaya, a hankali minti biyar, a bar shi awa ɗaya ba taɓawa. In ruwan ya yi gafi a baki, ya yi yawa. 'Ya'yan zogale busassu da aka ɓare aka daka suna yin irin aikin, kamar ƙwaya ɗaya a lita, sai dai a sha ruwan a ranar don yana saurin wari.

Jamiin_Tsafta:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina roƙon a ba ni dama in karkatar da zancen kaɗan. Ɓawon buta ba ya kwantar da yaro a asibiti. Abin da ke kwantar da shi yana shiga ne tsakanin matatar ruwa da randar gida.

Layin da ba ya samun ruwa kullum yana zama fanko. Bututu da yawa sun bi ta cikin kwata, wasu an haɗa su da tsumman roba. In akwai ruwa da ƙarfi, ta wurin yoyo fita yake yi. In an ɗauke, ruwan kwata ne ke tsotsuwa ciki. Masu ɗaura injin ja kai tsaye a kan layi suna ƙara tsananta abin, don injin yana jawo ƙazanta ta kowace ɓaraka a layin unguwar gaba ɗaya. Daidai shi ne ruwa ya zuba da kansa a tankin ƙasa, injin ya ɗauka daga nan zuwa sama.

Saboda haka ranar da ruwa ya dawo, bokiti biyu ko uku na farko a yi ban ruwa ko wankin tsakar gida da su. Jin ɗan warin kulorin a famfo alama ce mai kyau, kada a ƙi ruwan saboda shi. Ana so a samu aƙalla miligiram 0.2 a lita a bakin famfo. A zafin Sakkwato kulorin yana gudu daga tanki cikin kwana ɗaya ko biyu.

Mai son sa wa tankinsa: bilic mara turare mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, mililita 30 zuwa 60 a tankin lita 1000 na ruwa garai, a jira minti 30. In bayan haka ba a jin warinsa ko kaɗan, ƙazanta ta cinye shi, a ƙara. Ruwa mai laka sai an kwantar da shi tukuna, don ƙwayar cuta tana ɓuya cikin laka.

MaiTace_Ruwa:
Na karɓi gyaran Malama kan mita. Amma Malam Jami'i, zuba bilic da ƙiyasi a hannun kowa ni ban natsu da shi ba. Wanda ke kasuwa wani ya sha rana ƙarfinsa ya ragu, wani na haɗin gida ne ba a san ƙarfinsa ba. Tafasa ta fi tabbas: ya yi ɓul-ɓul minti ɗaya, shi ke nan.

Jamiin_Tsafta:
Tafasa tana kashe cuta, ban musa ba. Amma gidan mutum goma yana shan lita 30 ko fiye a rana da bazara, a lissafa gawayi ko gas. Kuma ruwan da aka tafasa ba shi da mai gadi: da an juye a randa, yaro ya tsoma moɗa da hannu, an koma gidan jiya. Mai kulorin yana ci gaba da kare kansa. Kan ƙarfin bilic kana da hujja, shi ya sa ƙwayar kulorin ta cikin fakiti, mai adadin lita a rubuce, ta fi ga jarka.

MaiBurtsatse_Kware:
A ƙara maganar ƙarfe. Burtsatsen da ya huda farar ƙasa ya kai yashin da ke ƙasa yakan ba da ruwa garai, amma in ya kwana a bokiti sai ya yi ja, ya ɓata farin kaya da tayil. Ƙarfe ne narkakke, iska ta taɓa shi ya zama tsatsa. Iyakarsa miligiram 0.3 a lita. Maganinsa iska: ruwan ya faɗo tanki ta bututu mai ƙananan huji kamar shawa, ya kwana, a ɗora mafitar tankin taƙi ɗaya sama da gindi, sannan ya bi ta matacin yashi. Can yamma wajen Argungu da Birnin Kebbi, inda ake samun yashin Gwandu, ruwan ba shi da nauyi, ƙarfen ne damuwarsu.

Wurin haƙa kuma, a tabbata an zuba siminti an toshe tsakanin kesin, wato bututun da ake zurawa a burtsatse, da ramin a mitocin sama. In ba a yi ba, ruwan farar ƙasa da na masai suna bin bayan kesin su gangara, mai gida ya biya kuɗin zurfi ya sha ruwan sama-sama.

Bagobira_Maradi:
Sannunku 'yan'uwa na Sakkwato. Gulbin Maraɗi namu cikin Rima yake zubawa, ƙasarmu ma kusan ɗaya ce, don haka ku ji wannan. A Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan burtsatse mai zurfi da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 yana ɗauke da sinadarin fuloraid da ya ninka iyakar miligiram 1.5 a lita sau uku ko fiye. Ruwa ne garai, ba wari ba ɗanɗano. Ɗaruruwan yara haƙoransu suka rine, ƙafafunsu suka lanƙwashe kafin a gane. Tafasa ba ta fitar da shi, kulorin ma haka. Duk sabon burtsatse a auna masa fuloraid kafin yara su fara sha. In aka ga yaran unguwa guda haƙoransu na dindindin suna fitowa da ɗigon fari ko ruwan ƙasa, a kai ruwan gwaji.

Nas_RunjinSambo:
Allah ya saka, Yaya Bagobira. A haɗa da naitiret, sinadarin da ke shiga ruwa daga ƙazanta, musamman rijiyoyin cikin tsohon gari da ke kusa da masai. Iyaka miligiram 50 a lita. Jariran da ba su kai wata shida ba, waɗanda ake dama wa madarar gwangwani da irin wannan ruwa, su ne cikin haɗari: jininsu ya kasa ɗaukar iska, leɓe ya yi shuɗi. Shi ma tafasa ƙara shi take yi. Ana so tsakanin rijiya da masai ya kai mita 30, a farar ƙasa mai tsage-tsage ma hakan ba ya ba da tabbas.

Abu_Mabera:
Na gode ƙwarai. To in dawo kan tambayata: gidan da ɓawo ya dama, wace na'ura ce ta dace?

MaiTace_Ruwa:
Farin kyandir ɗin nan na maikiron 5 da ake ɗaurawa bayan tanki yashi da tsatsa yake tarewa, ba ya taɓa nauyi. Na gawayi wari da kulorin yake cirewa. Biyu ne ke cire nauyi.

Ta farko tulun rezin, wato ƙananan ƙwayoyin roba masu kama kalsiyam, mai aiki da gishiri. Lita ɗaya ta rezin tana kama kamar giram 50 na nauyi. Tulu mai lita 25 a ruwa mai nauyin 250 zai tace wajen lita 5000, sannan a wanke shi da gishiri kilo 3 zuwa 4. In an daina sa gishiri ya zama tulun banza. Ƙarfe yana kashe rezin, sai an cire shi tukuna. Kuma tana musanya kalsiyam da sodiyam, a wannan misali wajen miligiram 115 a lita, don haka mai hawan jini da jariri a bar musu famfo ɗaya da bai bi ta ciki ba.

Ta biyu RO ta ƙarƙashin sinki, na'urar da ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata siririyar fata. Tana cire nauyi da yawancin fuloraid da naitiret, amma ƙaramar ta gida tana zubar da lita 3 ko 4 kafin ta ba da ɗaya, tana son wuta, kulorin kuma yana ɓata fatarta in gawayin gabanta ya mutu.

Injiniya_Rima:
Ni ban ga dalilin tulun rezin ba in nauyi bai haura 200 ba, Malam Abu. Tsamin lemo sau ɗaya a wata ya fi sauƙi. Kuɗin a fara kai shi ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa: nauyi, ƙarfe, naitiret, fuloraid, da ƙwayar E. coli, alamar shigar bahaya, wadda ake so ta zama sifili a mililita 100. Kwalbar gwajin cuta daga wurinsu ake karɓa, a bar famfo ya zuba minti biyu, a cika ba tare da taɓa bakinta ba, a sa cikin ƙanƙara a kai cikin awa 6. A yi sau biyu, ɗaya a watan Afrilu, ɗaya a Agusta, don sakamakon rani ba ya wakiltar na damina.

Fulamba_Arkilla:
A nan na saɓa da Injiniya kaɗan. Gidan da ke da hitar wanka uku da injin wanki, ko a 180 rezin yana mayar da kuɗinsa, a ɗaura shi kan layin ruwan zafi kaɗai. Malam Abu, ka fara raba ruwan layi da na burtsatse kamar yadda na ce, ka kawo mana adadin digon kowanne da unguwar da aka ɗiba.

Ummu_Minanata:
Masu gwajin digo a Gagi da Bado da Gidan Igwai su ma su rubuto nasu, da bayanin ko na layi ne ko na burtsatse, da zurfinsa in an sani.